Ranar da Aka Wanke Turkuɗin Iya Yalwa

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar da aka wanke turkuɗin Iya Yalwa. Wata Litinin ce a ƙarshen damina, farkon shekarun tamanin, ina ƙaramin akawu a sashen talla na wata masaƙa da ke Sharaɗa a Kano. Ku da kuke ɗaukar hoto da waya yanzu, ku duba nan take, in bai yi ba ku goge, sai ku yi haƙuri in fara gaya muku yadda aikin yake a zamaninmu, don kada ku ce tsoho ya cika kuri.

Atamfa muke bugawa. Duk shekara mukan fitar da kalanda, hotunan kuwa daga wani kamfanin talla na Ikko ake turo mana su. Kullum matan da ke ciki farare ne tas, wasu ma daga gani ba 'yan ƙasar nan ba ne. Matan da ke sayen kayanmu a Ɗorayi da ƙauyukan Kano ba su taɓa ganin mai kama da su a jikin kalandar ba, mu kuma ba mu taɓa tambayar dalili ba. A shekarar nan atamfar waje ta dame mu a kasuwa, sai masu masaƙar suka ce a yi ɗan gajeren fim, a riƙa nuna shi a silima kafin babban fim, motar majigi kuma ta zaga da shi ƙauyuka. Aka yi hayar kyamara ta mako guda, aka aro wani mai ɗaukar hoto, Malam Isyaku. Ni aka ba rikoda da makirfo a kan dogon gora, ba don na iya ba, sai don na fi kowa tsawon hannu.

Fim ɗin kansa a naɗe yake zuwa cikin gwangwani, in ya ƙare ya ƙare. Ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an kai shi Turai an wanko, bayan makonni. Saboda haka mai kyamara a lokacin ba ya dannawa sai ya tabbata.

Malam Isyaku gajere ne mai saurin fushi, goro ba ya rabuwa da bakinsa. Tun ranar farko ya ce shi ba zai ɗauki injuna suna ƙara kawai ya kira shi fim ba. So yake ya ba da labarin tufa a ƙasar Kano ta hanyar gida ɗaya, daga kaɗi da saƙa da rini har zuwa inji, a ƙarshe 'yar gidan ta sa sababbin atamfofinmu ta yi tafiya a gaban kyamara. Ya zaga masaƙar sashe-sashe, sai ya ja birki a wurin masu ninki, inda wata yarinya mai suna Dije take aiki.

Dije doguwa ce, baƙa wuluk, mai dogon wuya. Gawayi samarin masaƙa ke kiranta, ita kuma ta saba har ba ta ɗaga kai. Da Malam Isyaku ya tambayi asalinta, sai ga shi daga wani ƙauye take a hayin kogin Challawa, kan hanyar Kura, gidansu kaka da kakanni marina ne. Nan take ya ce ya samu.

Manajan ciniki, Alhaji Bala, shi ne ke da wuƙa da nama a kan fim ɗin, kuma bai ji daɗi ba.

“Malam Isyaku, ni ba ƙin yarinyar nan nake ba,” in ji shi. “Amma baƙa ba ta fita a hoto. Haƙora da ido kaɗai za a gani, kayanmu su tafi a banza.”

“Ranka ya daɗe, a hannun wanda bai iya haske ba ne ba ta fita.”

“To, na ji. Amma aka samu tangarɗa ko ɗaya, waya zan buga Ikko su turo tasu yarinyar.”

Da yammar nan Dije ta tare ni a bakin ƙofa. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana ba sai ranar. Ta ce, “Yaya Garba, don Allah ku taimake ni abin nan ya yiwu. So nake sau ɗaya a rayuwata a kalle ni ba don tsokana ba.” Tausayinta ya kama ni ƙwarai, na kuma ji kunya, don ni ma na sha yin dariya in an tsokane ta.

Mahaifin Dije ya rasu, maganar gidan a hannun kakarta take, Iya Yalwa. Muka je muka roƙe ta. Ta yarda da sharaɗi biyu: yarinya za ta fito a suturce, kuma kafin ta sa atamfar kowa sai ta fara fitowa da turkuɗin mahaifiyar Iya. Turkuɗi, ga wanda bai sani ba, saƙi ne na hannu da ake rinawa a baba sau da yawa har ya yi baƙi ƙirin, sannan a shafe shi da shuni da ɗan kitse a buge shi da guduma har ya riƙa sheƙi kamar bayan tsaka. Ba a wanke shi. Yana shafa shuɗi a goshi da wuyan mai shi, kuma wannan shafar ita ce adon. Iya ta ciro shi daga ƙasan adaka, naɗe a takarda, ta ce, “Yadda ya fita haka zai dawo.” Dije ta kawo shi ranar Asabar aka ajiye a sito tare da atamfofin da za ta sa.

To, masaƙarmu tana da doka, kuma doka ce mai kyau. Duk kayan da za a nuna da sunan kamfani sai ya bi ta ɗakin gwaji. A can ake goga masa farin ƙyalle a jiƙa shi a ga ko yana zuba. A wurinmu babu abin kunya kamar a ce atamfarka tana zuba, an cusa mana wannan a kai tun ranar da aka ɗauke mu aiki. Mai sito ya kwashi kayan duka ya aika, kamar yadda ya saba. Shugaban ɗakin gwajin, Malam Audu, mutum ne da bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa barin aikin yau ya kai gobe ba.

Da hantsin Litinin muna ofis muna tsara tafiya, sai ga Malam Audu ya shigo da murmushinsa, ɗauke da wani shuɗin ƙyalle a goge sumul.

“Na gyara muku wannan,” in ji shi. “Ban taɓa ganin kaya mai zuba irinsa ba. Amma yanzu ku sa farin ƙyalle ku gani.”

Goron bakin Malam Isyaku ya faɗo ƙasa. Sheƙin ya tafi gaba ɗaya, abin ya koma kamar tsohon zanen daka.

“Malam Audu!” in ji Malam Isyaku. “Ba ka ga saƙi ne ba?”

“Na gani mana. Amma doka ba ta ce ban da saƙi ba. Kuna so duniya ta ga kaya da sunanmu yana ɓata wa mutum wuya?”

Aka yi masa bayani. Ina kallon murmushin nan yana zagwanyewa, har ya nemi kujera ya zauna yana salati. Aka kira Dije, ta taɓa ƙyallen da yatsa ɗaya, hawaye na zuba. Kafin azahar labari ya kai wa Alhaji Bala, ya kuwa cika alkawarinsa, ya buga waya Ikko. Aka ce tasu za ta iso ran Juma'a.

Washegari da sassafe muka hau a-kori-kurar kamfani, ni da Malam Isyaku da Dije, kyamara da rikoda a baya. Malam Audu ya ce ƙafarsa ƙafarmu, shi ya yi ɓarnar, shi zai miƙa da hannunsa. Na ga girmansa a ranar. Muka sami Iya a tsakar gida tana tsince wake. Bayan gaisuwa ya durƙusa ya ajiye ƙunshin a gabanta.

Ta buɗe. Ta shafa. Ta kai hanci ta shinshina, ta goga a bayan hannunta, babu ko ɗigon shuɗi.

“Wa ya yi wannan aikin?”

“Ni ne, Iya. Da sabulu da ruwan zafi. Ku yafe mini.”

“Sau nawa?”

“Har sai da ruwan ya fita fari.”

“Lallai,” in ji ta. “An haifi mai ƙwazo.”

Sai ta fashe da kuka, irin kukan tsofaffi marar sauti, ta tashi ta shige ɗaki. Dije ta bi ta. Muna zaune a tabarma kamar masu zaman makoki muna jiyo su.

“Iya, ku yi haƙuri. Na fasa. Dama can ba rabona ba ne.”

“Kin fasa? Su wanke min zanen uwata, ke kuma ki fasa, su kawo 'yar Ikko? Asara biyu ke nan zan yi? Tashi ki kira min Tanko!”

Baba Tanko ƙanenta ne, tsohon marini da ya ajiye aiki da daɗewa. Ya zo yana dogara sanda, ya ɗaga zanen a rana ya daɗe yana dubawa. Ya ce rini ba wuya, marinar gidansu ta mutu amma ta maƙwabta tana da ruwa. Bugun ne abin tsoro. Zaren ya tsufa, guduma ɗaya ta sauka da nauyi zai fashe, in ya fashe kuwa babu mai ɗinke shi.

“Sheƙin da aka wanke ba daga sama ya faɗo ba, hannun babanmu ne ya sa shi,” in ji Iya. “Kai kuma a gabansa ka koya. In ya fashe a hannunka, gara haka da ya zauna a mace.”

Malam Isyaku ya matso ya rusuna. “Iya, in kun yarda, mu ɗauki aikin?”

“Ku ɗauka, ko masu inji sa ga abin da suka ɓata.”

Ya zungure ni ya ce, “Garba, kunna.”

A tsarinmu na farko, Iya za ta zauna ne a kujera ta ba da tarihi. Mun gwada ranar da muka fara zuwa, ba da fim ba, ta sandare kamar an kai ta gaban alƙali, ba ta wuce “haka ne” da “Allah ya kyauta” ba. Amma yanzu da ranta yake a ɓace, hannunta kuma yake cikin aiki, sai bakin ya buɗe. Tana murza shuni a turmi tana faɗa da Tanko, tana ba da labarin yadda mahaifiyarsu ta kaɗa zaren nan da rani guda, yadda Buzaye kan sauka a ƙofar gidan da raƙuma su jira kaya, yadda matan gidan kan shafa shuni a gashi da hannu ranar biki don baƙinsu ya ƙara fitowa. Ta ambaci sunayen mata bakwai ko takwas na gidan, kowace da abin da ta iya. Dije tana gefe baki buɗe, ashe ita ma ba ta taɓa ji ba. Hannuna ya sage da riƙon gora, amma ban sauke ba.

Malam Isyaku ya yi kasada, ya ƙarar da fim ɗin da aka ware wa injuna a bakin marina. Baba Tanko ya tsoma zanen, ya ciro, ya shanya, ya sake tsomawa, Talata da Laraba duka. Malam Audu ya naɗe hannun riga yana ɗebo ruwa yana riƙe gefen zane, hannayensa suka yi shuɗi har gwiwa. Sai da ya yi kusan wata yana zuwa ofis da su haka, ana ta yi masa tsiya wai shugaban gwaji yana zuba.

Ran Alhamis aka yi bugu. Baba Tanko ya zauna gaban gungumen icen, ya zaɓi guduma mafi sauƙi, ya yi bisimilla. Ba irin bugun samari ba ne mai tashin kai, a hankali yake sauke ta kamar mai lallashin jariri. Duk saukar guduma, ƙararta ninkuwa take yi a abin sauraron rikoda da ke kunnena. Sau ɗaya ya tsaya cak ya sa yatsa a wani wuri, sai ya kewaye wurin ya ci gaba. Ana cikin haka motar Alhaji Bala ta tsaya. Ya zo ne ya maida kyamara Sharaɗa, sanye da farar shadda. Ya buɗe baki zai yi magana, Iya ta ɗaga masa hannu ko kallonsa ba ta yi ba, ya kuwa ja gefe ya tsaya.

Da la'asar Baba Tanko ya warware zanen. Bai fashe ba. Sheƙin ya dawo, baƙi mai ɗaukar ido da wani ja-ja a ciki in rana ta doke shi. Alhaji Bala ya kasa haƙuri ya taɓa, ya duba yatsunsa, ya goge a farar shaddarsa bai sani ba. Iya da kanta ta ɗaura wa Dije, ta yafa mata ragowar a ka. Malam Isyaku ya tsayar da ita inda rana ke zuwa ta gefe, ya sa ni da Malam Audu muka ja farin yadi ta ɗaya gefen don haske ya komo fuskarta. Ya leƙa kyamara ya daɗe, na ji yana cewa “Tabarakalla” ƙasa-ƙasa.

Duk da haka Alhaji Bala bai sauko ba. Ya ce ido daban, bango daban. A ɗauki su biyun a atamfa, masu masaƙa su zaɓa.

'Yar Ikkon ta iso ran Juma'a, mun ɗauka za ta zo da girman kai, sai muka ga mutuniyar kirki. Da ta ga Dije tana tafiya kai a sunkuye, sai ta ja ta gefe. Ba ta jin Hausa, Dije ba ta jin Turanci, amma da hannu ta ɗaga mata haɓa, ta gyara mata kafaɗa, ta nuna mata yadda ake juyawa zane ya buɗe. Ta gaya wa Malam Isyaku cewa ƙanwarta baƙa ce kamar Dije, ta fi ta kyau nesa, amma kamfanin nasu ko ƙofa bai bar ta ta shiga ba. Muka ɗauke su duka biyu, kyamara ta koma, gwangwanaye suka tafi Turai.

Kusan wata biyu muka yi muna jira. Dije ta koma ninki, samari suka ƙara mata suna, wai Gawayin Silima. Da fim ya dawo Malam Isyaku ya kulle kansa ya haɗa shi kashi biyu, ɗaya mai ƙarewa da Dije, ɗaya da 'yar Ikko. Aka sa ranar kallo a ɗakin cin abinci da yamma, lokacin canjin aiki, aka toshe tagogi da baƙin yadi. Masu masaƙa a gaba, ma'aikata cunkus a baya, har masu gadi. Malam Audu ya je da kansa ya ɗauko Iya da Baba Tanko. Iya ba ta taɓa ganin majigi ba.

Aka fara da na Dije. Da muryar Iya ta fito tana faɗa da Tanko, ɗakin ya kwashe da dariya, ita ma ta rufe baki da mayafi. Da aka zo bugu sai aka yi tsit. Sannan fuskar Dije ta cika bangon. Ba haƙora da ido ba, fuska ce sosai, kowane layi ya fito, shuni yana ƙyalli a goshinta da wuyanta, ta ɗago kai a hankali ta dubi mutane. A wannan shirun ne Iya ta miƙe tsaye a tsakiyar hasken majigin.

“Inna!”

Aka riƙo ta, ta fizge.

“Wallahi Innata ce. Haka take, haka take ɗaga kai. 'Ya'yan nan, na manta fuskarta, shekara da shekaru ina nema a raina ban samu ba. Ashe tana gidana ina aikenta ɗebo ruwa.”

Wata daga cikin masu ninki ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama, ɗakin ya ɗauka. Na ga manyan maza suna share ido, ni ma ban tsira ba. Dije ta zube a jikin kakarta. Babban cikin masu masaƙar ya ce a maido wurin, aka maido, ya ce a sake. Da aka kunna fitila mai majigi ya tambayi Alhaji Bala ko a sa kashi na biyu.

“Bar shi a gwangwaninsa,” in ji shi. Ya taka har inda take, ya ce, “Malama Dije, na yi kuskure. Kalandar baɗi ma ke ce.”

Haka kuwa aka yi. Shekaru da dama ita ce fuskar atamfarmu, bayanta aka ɗauki wasu baƙaƙen 'yan mata, masaƙun Bompai ma suka bi sahu. Sunan Gawayi ya mutu a ranar, babu wanda ya hana, bakin ne kawai ya ƙi faɗa. Ni kuwa daga nan na bar akawu na bi Malam Isyaku, aikin da na yi har na yi furfura.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi nake so ku riƙe. Mutanen masaƙa ba mugaye ba ne, kowa abin da aka koya masa yake yi da gaskiya, Malam Audu da sabulunsa, Alhaji Bala da kalandarsa. Sai dai kafin ka gyara kayan mutane, tambayi mai shi ko ya lalace. In kuma aka ce muku wance ba ta fita a hoto, ku tashi ku gyara haskenku, ku daɗe a kai, kada ku canza ta. Wadda kuka tsayar a gaban kyamara ba ita kaɗai ke tsaye ba, akwai mutanen gidansu a fuskarta, har da waɗanda suka mutu ba a taɓa ɗaukarsu hoto ba.